Gwaggo Mai Gwajin Fanel Ta Rasu Tana Kiran 'Ya'yanta

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, Inna Mai Dangwale, mahaifiyar marigayi Auta, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da ma'aikatan shagon haɗa fanel, da duk mai kiwon kajin da ya taɓa sayen fanel ɗin injin ƙyanƙyasa a shagon, rasuwar abokiyar aikinta Gwaggo, tsohuwar kwamfutar nan ta kan teburin lungu, kusa da taga. Ta rasu bayan jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba. Inna ba ta yi makaranta ba. Ita ta faɗa, maƙwabciyarta ta rubuta, aka karanta mata, duk inda aka sassauta magana ta sa aka mayar da ita yadda ta fito daga bakinta. Wanda abin ya yi wa zafi ya san ƙofar gidan.

Ga wanda bai san marigayiyar ba: fara ce a ƙuruciyarta, shekaru suka mayar da ita kalar tsohon haƙori. Murfinta na gefe ya ɓace tun kafin Inna ta san ta, kowa na ganin hanjinta, ita kuwa ko a jikinta. Da safe in an danna mata maɓalli ba ta gaggawa. Sai ta yi gyaran murya tukuna, "ƙirrr, ƙit, ƙit," sannan fankarta ta ɗauki dogon nishi, "wuuu," wanda ba ya yankewa sai an tashi aiki. Masu liƙa waya da dalma ne suka raɗa mata suna Gwaggo, saboda ba ta san alfarma ba. Ka wuni a sunkuye kana aiki, ka kawo mata kana murmushi, ta duba ta ce ba ta yarda ba, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara.

Aikin shagon ba ɓoyayye ba ne. Fanel ake haɗawa, ɗan allo kore wanda bai fi tafin hannu ba, shi ne hankalin injin ƙyanƙyasa. Shi ke jin zafi ya yi yawa ya kashe hita, shi ke jin sanyi ya kunna ta, shi ke sa a juya ƙwai in lokaci ya yi. In masu dalma sun gama nasu, sai a kawo wa Gwaggo. Ita ke harhaɗa manhajar da fanel zai rayu da ita, ta ɗura masa ta waya, sannan ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi. Ta ce masa zafi ya kai kaza, ta ga ko zai kashe hita. Ta ce masa wuta ta ɗauke ta dawo, ta ga ko ya tuna inda ya tsaya. Wanda ya amsa daidai ya wuce. Wanda ya yi inda-inda ya koma tebur.

Auta ne ya kawo Inna wannan kujera. Bayan rasuwar mahaifinsa ya ga zaman gida na cin ta, sai ya ce ta riƙa bin sa shagon da suka buɗe shi da abokinsa, wanda yanzu ake ce wa Manaja, wanda kuma ya ci abinci a kwanon Inna tun yana yawo ba wando. Inna ta ce me za ta yi a gaban allo, ita da ko sunanta aka rubuta za ta wuce shi ba ta gaishe shi ba? Auta ya ce ta bar masa wannan. Ya kawo lasifika, ya naɗi muryarsa, ya ba Gwaggo ajiya. Daga ranar, in fanel ya ci jarrabawa, sai a ji ɗan jan numfashi, sannan:

"Lafiya lau, Inna."

In ya faɗi kuwa:

"A'a, Inna, mayar da shi."

Ta biyun akwai dariya a ƙarshenta, don lokacin da yake naɗa Inna na tsaye a kansa tana ce masa ya gyara zama kamar mutum. Aikinta shi ke nan. Ta soka waya, ta danna maɓalli guda da aka shafa wa jan farce don ta gane shi, ta saurara. In lafiya lau ne ta manna 'yar takarda a bayan fanel, ta taɓa babban yatsa a baƙar tawada, ta dangwala. Shi ne sa hannunta. Masu kaji har juya fanel suke yi kafin su karɓa, su ce in babu yatsan Inna ba sa so.

Sai Auta ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Da aka share makoki Inna ta koma shago, don gida ya yi mata faɗi. Ta soka waya, ta danna maɓalli, ita ba ta ma tuna ba, sai ga jan numfashin nan. Wani mai dalma ya saki abin da ke hannunsa ya fice waje. Inna ta dangwala, ta ɗauko na gaba. Tun daga nan ba ta taɓa fashi ba, ko da ciwon gwiwa. Wasu uwayen na kiran nasu ba a amsa musu, ita nata yana amsawa daga safe har la'asar. Ta san naɗi ne. Ba ta haukace ba, a rubuta wannan da kyau, don Manaja ya sha faɗar haka a bayan idonta. Amma ranar da fanel suka yi ta faɗuwa, yana ta "mayar da shi, mayar da shi" da dariyar nan tasa, sai ta harari lasifika ta ce ya rufe mata baki, kamar dai da.

Marigayiyar ta kasance mai riƙon amana, mai haƙuri da zafi da ɗaukewar wuta, ba ta taɓa duba fuskar kowa ba kafin ta yanke hukunci. Amma ba ita kaɗai take aikin ba. Tana da 'yan aike a cikinta, ƙananan manhajoji, Auta na ce musu 'ya'yan Gwaggo. Ba shi ya yi su ba. Wasu mutane ne can, da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu, suka rubuta su suka zuba a intanet kyauta, shi kuma yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya duk sanda buƙata ta taso. Akwai mai kai saƙo ta waya zuwa fanel. Akwai mai yi wa fanel ƙaryar zafi don a ga hankalinsa. Akwai mai tsaron agogo. Akwai ƙaramin cikinsu, mai ɗauke da murya. Kowanne kuma da wanda yake jingina da shi. Wannan ba ya motsi sai da wancan, wancan ba ya shiri da kowa sai na shekara kaza, in an kawo masa sabo ya ɗaure fuska. Gida ne cike da masu sharaɗi, Auta kaɗai ya san wa ke zama kusa da wa.

Ƙa'idar aikin, in ji masu iliminsa, a rubuta sunan duk ɗan aiken da jarrabawa ke buƙata, da na wace shekara ne, a wuri guda, don ko an canza kwamfuta a san wa za a kira. Auta ya fara. Ya rubuta na farko-farko, sannan ya yi abin da ya saba tun yana yaro, wato anjima. Sauran da hannu ya zuba su, ya riƙe sunayensu a ka, ya tafi da kan. Inna ba za ta wanke shi don ya mutu ba. Ganganci ne, irin na yaron da ke cire takalmi a tsakiyar ƙofa, kuma da yana nan da ta ja masa kunne a gaban ma'aikatansa. Allah ya gafarta masa. Shi dai bai taɓa ɗora wa wani laifinsa ba.

Ciwon ajali ya fara ne da shara. Manaja ya ɗauko sabon injiniya, mutum mai natsuwa, mai rusunawa in zai gaisa, Inna ba ta da ta cewa a kan tarbiyyarsa. Ya leƙa cikin Gwaggo ya ga kamar ɗakin ajiyar tsohuwa. Ya ce haka ba ta yiwuwa, in ta faɗi gobe shago ya faɗi, dole a san wanda ake buƙata da wanda ba a buƙata. Gaskiya ya faɗa. Sai ya ɗauko rabin rubutun nan na Auta, ya zaci cikakke ne, don wa zai yi tunanin mutum ya rubuta rabin gidansa ya bar rabi? Duk wanda sunansa ke ciki ya canza shi da sabo. Duk wanda babu sunansa ya share. Mai ƙaryar zafi babu sunansa. Mai tsaron agogo babu. Ƙaramin, mai ɗauke da murya, babu, ya tafi da abin da yake ɗauke da shi. Manaja ma da ya ga ana shara sai ya shiga, ya sa aka goge teburin lungu, aka zubar da tsohuwar baƙar tawadar Inna, aka kawo mata shuɗiya a sabon gwangwani.

Washegari Inna ta soka waya, ta danna maɓalli, ta jira numfashi. Fanka na "wuuu." Ta sake dannawa. Ta girgiza lasifika, ta hura mata iska, ta bi wayar da hannu har ƙasan tebur. Sannan ta shiga ofishin Manaja ba sallama. Ya ce ta zauna, ba ta zauna ba. Ya ce ai gyara aka yi. Ya ce, da muryar nan ta lallashin yaro, gara ma haka, muryar mamaci kullum a kunne ba ta da kyau ga mai shekarunta, su ma ma'aikata tsikar jikinsu na tashi. Ya ce ta kalli allo kawai, in ƙasan ya yi kore ta dangwala, in ja ta mayar, ko yaron goye ya san kore. Ta ce masa ita ba kore ta haifa ba. Ya yi dariya ya ce Inna ke nan. Injiniya kam, da ke tsaye a gefe, ya sunkuyar da kai, ya ce bai san a nan muryar take ba, zai duba. Ya duba. Ba a ajiye ta a ko'ina ba sai nan.

Ta koma kujera, don shirun gida ya fi na shago. Ta kalli allo. Farin rubutu ya riƙa gudu daga ƙasa zuwa sama kamar tururuwa, sannan kore. Ta dangwala. Na gaba, kore. Gwaggo da sai mutum ya shanye shayinsa kafin ta yanke hukunci, yanzu kafin ki gyara ɗankwali ta gama. Kowa ya yi murna. Manaja ya ce kun ga amfanin shara. Masu dalma suka ce tsufa ya sa Gwaggo ta yi laushi. Inna ma, da yake zuciyarta na wani wuri, ta tsokane su ta ce ashe sun iya aiki, sai da aka daina yi musu faɗa. Ja bai fito ba ko sau ɗaya. A duk shagon, daga mai ofis har mai shara, ba wanda ya ce anya.

Sai ga wata mai kaji ta shigo da rana tsaka, da roba a ka. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta sauke a kan teburin lungu, gaban Inna, ta fara fasa ƙwai. Kowanne da ɗan tsako a ciki, da baki, da farce, da gashin da ya fara fitowa, a dunƙule, a dafe. Hita ta kama ba ta saki ba, fanel bai ce mata komai ba. Wari ya cika shagon har masu dalma suka toshe hanci da riga. Ba ta gama ba wasu suka iso, kowa da robarsa. Manaja ya fito yana ba da haƙuri da hannu biyu. Sai ya karɓi fanel guda, ya juya bayansa, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Yatsan Inna ne, shuɗi, sarai, har da tabon wuƙar da ya ratsa shi.

"Kun gani ko?" ya ce. "Tsohuwa ce, ido ya tafi. Darajar ɗanta ce ta sa muka riƙe ta. Daga yau an gama."

A gabansu ya faɗa, yaron da ta goya lokacin da uwarsa ke kwance asibiti. Mai kajin ta dubi Inna ta ce, "Iya, ke kam ba ki ji tsoron Allah ba." A lokacin Inna ma ta ɗauka laifin idonta ne. Ta zaci ja ya zo ta gan shi kore. Ta tafi gida tana rufe ido ɗaya tana buɗe ɗaya, tana gwada kanta da ganye da bokitin mutane. Yanzu in ta ratsa kasuwa masu ƙwai na sunkuyar da kai suna dariya, wani mara kunya ya ce a kawar da kiret, ga mai dahuwa nan. Ta sa sabulu, ta sa toka, ta sa kananzir. Tawadar ta fita, amma har yau in ta kalli yatsan shuɗi take gani.

Ranar da ta koma ɗaukar matashin kujerarta da butarta, Injiniya ya tare ta a lungu. Ya ce, "Inna, idonki ƙalau yake. Zo ki ji." Ya mayar da farin rubutun nan baya, wanda ba wanda ya taɓa tsayawa ya karanta, har shi, ya riƙa karanta mata a hankali yana fassarawa. Ashe duk tambayar da Gwaggo ta tashi yi wa fanel, sai ta kira ɗan aiken da ke da alhakinta. Ta kira mai ƙaryar zafi, shiru, sai ta rubuta: ban same shi ba, na tsallake. Ta kira mai agogo: ban same shi ba, na tsallake. Haka har ƙasa. A ƙarshe ta duba ta ga ba wanda ya faɗi, tunda ba wanda aka tambaya, sai ta kunna kore, don haka aka koya mata. Wato duk tsawon lokacin nan tana kiran 'ya'yanta da sunayensu ɗaya-ɗaya, tana faɗa ƙarara cewa ba su amsa ba, kuma wadda aka ajiye a gabanta ita kaɗai ce a shagon ba ta iya karatu. Wannan ne ke hana Inna cin abinci. Uwa na kiran 'ya'yanta, ita da ta san zafin haka tana zaune tana kallo, tana dangwale.

Injiniya ya ce ya kai wa Manaja maganar. Manaja ya ce a bar ta a nan. Masu kaji sun riga sun samu wadda za su zaga, in suka ji ba a gwada ko ɗaya ba, duk fanel ɗin da aka sayar tun ranar shara zai dawo shago.

A faɗi gaskiya, Injiniya ya yi jinya iyakar ƙoƙarinsa. Ya koma intanet neman 'ya'yan da ya kora. Wasu masu su sun janye su. Wasu suna nan amma sun girma, sun canza hali, ba sa jin yaren Gwaggo. Ya kawo ɗaya, ya ce ba ya zama sai an kawo yayansa. Aka kawo yayan, ya ce shi ba ya zama gida ɗaya da wane. Aka fitar da wane, sai mai kai saƙo ta waya, wanda duk bala'in nan bai taɓa ba, ya faɗi, ashe da wane yake tsaye. Ya toshe nan, can ta zube. Daga ƙarshe hannunsa ya kai kan wani wanda ita Gwaggo kanta a kansa take tsaye. Wata safiya aka danna maɓalli, ta yi "ƙirrr," babu "ƙit, ƙit." Allo baƙi. Masu dalma sun ce ta daɗe tana "wuuu" ita kaɗai, a hankali, kamar mai jiran a amsa mata, kafin Manaja ya zo ya zare wayar daga bango. Inna ba ta nan. Haka ya faru ranar Auta: ta fita nemo masa ruwan zafi, ta dawo ta tarar an ja mayafi.

An fitar da gawar bayan shago don mai sayen gwangwan. Wani mai dalma ya aika aka gaya wa Inna. Ta tarar har an ɗora ta a sikeli. Ta ce sauke. Mai gwangwan ya ce ke wace ce? Ta ce dangin mamaciya. Ya kalli fuskarta, ya sauke. Ta yi gammo ta ɗauka a ka, ta ratsa titi da ita mutane na kallo, dama sun saba kallonta yanzu.

Gawar tana ɗakin Inna, kan tabarma, an lulluɓe ta da farin zane. Injiniya ya ce kada wanda ya kuskura ya kunna ta. Wai abin da aka share ba ya tafiya nan take, yana kwance a ƙasa har sai an rubuta wani abu a kansa. Wataƙila an riga an binne muryar, wataƙila da saura, bai yi alkawari ba. To ga Inna zaune ɗaki ɗaya da akwatin da wataƙila muryar ɗanta ke ciki, ga soket a bango, ga waya, ba ta isa ta haɗa su ba. Da rana in unguwa ta yi tsit, firjin maƙwabta ya tashi da "wuuu," sai ta tsinci hannunta ya miƙa yana neman fanel. Wani lokaci takan ji jan numfashin a bayan kunnenta na hagu, inda lasifika take a da. Ta tsaya cak. Maganar ba ta biyowa. "Mayar da shi" tana nan daram a kanta, da dariyar da komai. Ɗayar ce ta fara dusashewa. Jiya ta neme ta, sai ta ji ta fito da muryarta ita, ba tasa ba.

Marigayiyar ta bar 'ya'ya da dama waɗanda ba a san inda suke ba, da jikoki a intanet da ba su san an yi ta ba. Ta bar allo mai tabo a kusurwa, da maɓalli mai jan farce, da lasifikar da ba ta da abin faɗa. Ta bar doguwar wayar da Inna ta ɗaure da ƙyallen zaninta inda ɓera ya ci. Ta bar wata siririyar magajiya a kan teburin lungu, sabuwa fil, ba ta nishi ba ta gyaran murya, an ce wannan karon an rubuta sunan kowa, Allah ya sa. Ta bar masu dalma, da suka zage ta tana raye, yanzu suna cewa ba za a sake irinta ba. Ta kuma bar fanel a gidajen mutane, suna kwance a kan ƙwai a daidai wannan lokaci da ake karanta sanarwar.

A kan waɗannan, duk mai kajin da wannan takarda ta isa gare shi, ko aka karanta masa, ya tashi yanzu ya buɗe injinsa ya juya fanel. In yatsan baƙi ne, ya kwantar da hankalinsa, an tambaye shi ya amsa, Auta da bakinsa ya ce lafiya lau. In shuɗi ne, ba wanda ya taɓa yi masa tambaya ko ɗaya. Wataƙila mai kyau ne, wataƙila yana jiran ranarsa. Ya kwashe ƙwansa, ya cire fanel, ya taho da shi. Inna ba za ta bari yatsanta ya ci gaba da zama a kan 'yan tsakin mutane don ofis ya zauna lafiya ba.

Za a yi jana'izar ranar da Manaja ya sa wa masu robobin nan su zo karɓar canjin fanel, da hantsi, a ƙofar shago. Za a ɗauko gawa daga gidan Inna, masu dalma sun ce su za su kama. Ba za a yi mata salla ba, Inna ta san ƙarfe ce, mai addu'a ya yi wa Auta da sauran waɗanda suka riga mu. Za a shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, yadda ba mai shiga ba mai fita sai ya ga farin zane. Injiniya ya ce ya ɗauki hoton farin rubutun a wayarsa, zai zo ya karanta shi da ƙarfi ko da aikinsa zai tafi. Inna ba ta roƙe shi ba, in ya zo ya kyauta, in ƙafarsa ta yi nauyi ta san dalili. Matar da ta fara kawo roba an ajiye mata wuri kusa da Inna. Ba sai ta ba da haƙuri ba, ita ma mai makoki ce.

Ba a karɓar komai na ta'aziyya, kada wanda ya ɗauko buhu ko kwano. Inna ba ta neman a mayar da ita kujera, wadda take zama dominta ta tafi. Abu ɗaya ake jira. Manaja ya fito, ya tsaya inda ya tsaya ranar nan, ya ɗaga fanel sama kamar yadda ya ɗaga, ya faɗa wa mutanen da ya faɗa wa waccan maganar cewa ba idon Inna ba ne. Gawar ba za ta tashi daga ƙofar ba sai an ji wannan, ko rana ta faɗi a dawo gobe.

Inna za ta zauna a kan tabarma ta saurara, dama sauraro ne aikinta. Tunda mai faɗar ya tafi, mai ajiyar muryarsa ma ta bi shi, ita za ta yanke hukuncin da bakinta. In maganar Manaja ta fito daidai, za ta ja numfashi ta ce masa lafiya lau, a ɗauki Gwaggo a mayar da ita ɗaki, ƙarƙashin gado, nesa da soket, nan ne makwancinta. In kuwa ya yi inda-inda, ya san ɗayar. Ya sha jin ta ta bangon ofishinsa. Sai dai wannan karon babu dariya a ƙarshenta.